Yadda Ake Maƙala Fil ɗin Kilti Ba Tare da Ya Yaga Yadi ko Ya Ja Zare Ba

Kilti shi ne tufafin gargajiya na mazan Sukotland, wato yadin ulun nan mai zanen gida-gida da ake ɗaurawa daga cibiya ya sauko zuwa gwiwa, bayansa duk tattara, gabansa kuma falle biyu ne, ɗaya a kan ɗaya. 'Yan uwanmu da ke karatu ko aiki a Gilasgo, Edinbara da Abadin sukan sami kansu a cikinsa idan aka sa su cikin abokan ango, wasu kuma sukan ɗaura shi ranar bikin yaye ɗalibai. Cikakken kilti yana cin yadi 8 na ulu, kusan mita 7 da ɗoriya, kuma wanda aka ɗinka da hannu kuɗinsa yakan kai fam ɗaruruwa, saboda haka abin takaici ne a ce ɗan ƙarfen da tsawonsa bai wuce inci 4 ba shi ne zai lalata shi. Na shirya mutane da yawa a cikin wannan tufafi, kuma kusan duk yagewar da na gani a gaban kilti daga fil ta samo asali.

Abu ɗaya ya kamata mai koyo ya riƙe tun kafin ya taɓa yadin. Fil ɗin kilti ba ya haɗa falle biyun nan, aikinsa shi ne ya ƙara wa fallen sama nauyi don kada iska ta riƙa ɗaga shi, sannan ya zama ado. Wanda ya saba ganin yadda mata ke kama baki biyu na mayafi da fil zai ɗauka haka ake yi a nan, kuma wannan zaton ne ke jawo ɓarna. Akwai ma wani labari na baka da ake yawan bayarwa, wai Sarauniya Biktoriya ta Birtaniya ce ta cire fil ɗin adonta ta maƙala wa wani soja da iska ke buɗe wa kilti, kuma masu jin labarin sukan tafi da tunanin cewa fil makulli ne. Maɗauran fata da ke ƙugu su ne ke riƙe da kilti, kuma sun wadatar.

Kayan da za a tanada

Na farko shi ne fil ɗin kansa. Ana yin sa da azurfa, ko da ƙarfen fiyuta wanda mafi yawansa kuza ce, ko da ƙarfe mai araha da aka shafa wa ruwan ƙyalli, kuma siffarsa takan zama ta takobi, ko tambarin zuri'a, ko furen ƙayar nan da Sukotland ta ɗauka alamar ƙasa, ko ƙahon barewa. Akwai kuma mara ado, mai kama da babban fil ɗin bargo. Ta baya iri uku ne: mai doguwar allura guda da makulli, mai gajerun ƙusoshi biyu da ake toshewa da 'yan maɓallai ta ciki, da mai maganaɗisu wanda ba ya huda yadi ko kaɗan.

Bayan fil, a nemi tef ɗin awo, da allin tela, da ɗan guntun ƙyalle mai kauri kuma mai laushi wanda faɗinsa bai wuce yatsa biyu ba, tsawonsa kuma ya ɗara allurar fil ɗin kaɗan. A nemi guntun roba mai faɗi irin wadda ake ɗaure kuɗi da ita, da magogin farce mai laushi, da tsohuwar safa siririya ta nailan, da allurar ɗinki da zare mai launin yadin. Ana bukatar madubin da mutum zai ga kansa tun daga sama har ƙasa, da tebur ko gado mai faɗi a wuri mai haske sosai, domin aikin yana bukatar a ga zaren saƙa ɗaya bayan ɗaya.

1. Binciken fil kafin ya kusanci yadi

Wannan mataki ne mutane suka fi tsallakewa, alhali shi ne mafi sauƙi. Ka buɗe fil ɗin ka shafa bakin allurar da yatsa a hankali. Ya kamata ka ji shi da tsini kuma sumul; idan ya dakushe, ko bakinsa ya ɗan lanƙwashe, to zai tura zaren ulu gaba ya tsinka shi maimakon ya ratsa tsakani. Daga nan ka sa hannunka cikin tsohuwar safar nan ka goga ta a kan fil ɗin gaba da baya, da gefe-gefensa, da kan makullin. Duk inda safar ta maƙale, nan ne zai kama rigar wani ko ƙyallen tebur, sai ka goge wurin da magogin farce har ya yi santsi. Fil mai araha da aka zuba a mazubi yakan zo da irin wannan kaifi a gefen takobin da kuma kewayen duwatsun ado.

Sai makulli. Mafi aminci shi ne wanda ke da ɗan zobe mai juyawa da ke rufe bakin allura ruf, ka juya shi ka girgiza fil ɗin ka ga ko zai buɗe da kansa. Idan ƙugiya ce kawai a buɗe, to robar da za mu yi magana a kanta ta zama dole. Allurar da ta fara tsatsa kuwa a ajiye ta gefe, domin tabon tsatsa a jikin ulu da wuya ya fita.

Haka kuma a gwada nauyin fil da nauyin yadi. Masu saƙa suna auna yadin kilti da oza: mai oza 16 shi ne mai nauyi, mai oza 13 matsakaici, mai oza 10 ko 11 kuma mara nauyi. Yadi mai oza 16 zai ɗauki babban fil na fiyuta ba tare da ya nuna ba, amma idan aka rataya irinsa a kan yadi mara nauyi, ko a kan kiltin roba mai araha da ake sayar wa 'yan yawon buɗe ido, kusurwar za ta rinjaya ƙasa, ramukan kuma su yi ta buɗewa. Ni dai a kan kowane yadi na fi son fil siriri mai sumul, ko da adonsa bai kai na sauran ba.

2. Ɗaura kilti da gano gefen da ya dace

Ana yin alama ne kilti yana jiki, domin yadda yake kwanciya a tebur daban yake da yadda yake zama a kan cinya. Ka zagayo da shi ta baya, tattarar tana baya, ka kawo fallen ciki daga dama zuwa hagu, ka zura maɗaurinsa ta kafar da ke gefen hagu ka ɗaure, sannan ka kawo fallen sama daga hagu zuwa dama ka ɗaure maɗauran da ke ƙugun dama. Idan ka yi daidai, gezar da ke bakin fallen sama za ta sauko ta gefen cinyarka ta dama, ƙasan kiltin kuma ya tsaya a saman ƙoƙon gwiwa ko tsakiyarsa. A wannan kusurwa ta ƙasa, kusa da geza, fil yake zama. Siket ɗin mata mai irin wannan ɗinki sau da yawa ta hagu yake rufewa, sai a bi gezar duk inda take.

3. Awo da alama

Ka tsaya a miƙe gaban madubi, ko kuma wani ya auna maka, domin da zarar ka sunkuya awon ya sauya. Abin da aka saba shi ne ƙasan fil ya kasance kimanin inci 4, wato santimita 10, daga bakin kiltin na ƙasa, sannan kimanin inci 2, wato santimita 5, daga geza zuwa ciki. Wannan awo jagora ne kawai, zanen yadin shi ke yanke hukunci. Ka nemi layin tsaye mafi kusa da wurin da tef ya nuna, ka ɗora fil ɗin a kansa ko a tsakiyar gida ɗaya, domin fil ɗin da ya karkace a kan yadi mai layuka ana hango shi daga nesa. Idan takobi ne, tsininsa ƙasa yake kallo.

Ka dafa fil ɗin a wurin, ka ɗiga alli sau biyu: ɗigo ɗaya daidai inda allurar ta fito daga gindinta, ɗaya kuma kusa da makulli. Kada a yi alama da biro. Kada kuma a sauko da fil ƙasa sosai har ya riƙa bugun gwiwa, ko a hau da shi sama inda nauyinsa ba zai amfani kusurwar ba kuma sarƙar jakar fata da ake ratayawa a gaba za ta iya kama shi.

4. Shimfiɗa kilti da ƙarfafa bayan yadi

Ka kwance kiltin ka shimfiɗa shi a tebur, ka janye fallen ciki gefe gaba ɗaya yadda allura ba za ta same shi ba ko bisa kuskure. Yanzu ka laluba bakin fallen sama da yatsu. A kilti mai kyau za ka ji an naɗe yadin zuwa ciki daga wajen geza, ya zama ninki biyu ko fiye. Idan ɗigon allinka ya faɗa a kan wannan ninki, ka yi sa'a, yadin yana da ƙarfin da zai ɗauki fil. Idan ya faɗa a inda yadi falle ɗaya ne, sai ka sa guntun ƙyallen nan a baya, ka kama kusurwoyinsa huɗu da ɗinki mara ƙarfi wanda ba zai fito ta gaba ba, kana ɗaukar zare ɗaya ko biyu kawai daga bayan ulun. Amfaninsa shi ne duk lokacin da wani abu ya fizgi fil, ƙyallen ne zai fara ɗaukar jan kafin ya kai ga ulu.

Wasu suna manna salatif mai ƙarfi a bayan yadin maimakon ƙyalle. Yana aiki na dare ɗaya, amma danƙonsa yakan zauna a cikin ulu ya tara datti, don haka ban yarda da shi a kan kiltin da ake so ya daɗe ba.

5. Soka allura

A nan ne ake bukatar natsuwa. Yadin kilti saƙa ce ta zaren tsaye da zaren kwance, kowane zare yana hawa biyu ya nutse ƙarƙashin biyu, abin da ke ba shi 'yan layukan nan masu gicciye. Tsakanin zaren akwai ƙananan kafofi, kuma ta nan ake so allura ta bi. Ka ɗora bakin allurar a kan ɗigon farko, ka motsa shi kaɗan-kaɗan hagu da dama har ka ji ya sami kafa ya zame ciki da kansa. Idan ka ji turjiya, ko ka ji wani ɗan ƙas, to a kan zare kake, sai ka janye ka matsa kaɗan. Zaren da aka ture gefe yana komawa mazauninsa bayan an cire fil, wanda aka tsinka kuwa ya bar rami ke nan.

Da allurar ta fito ta baya, ta ratsa ƙyallen ƙarfafawa, sai ka soka ta a tsakiyar guntun robar nan, ka tura robar ta hau jikin allurar. Daga nan ka mai da bakin allurar gaba ta ɗigo na biyu, nan ma ta tsakanin zare. Robar tana ɓoye a bayan yadi, kuma ko makulli ya buɗe ana tsakiyar rawa, ita za ta hana allurar zamewa, fil ɗin ba zai faɗi ya ɓata ba. Mutane da yawa sun rasa fil ɗin azurfa na gado saboda rashin wannan 'yar roba.

Tazarar da ke tsakanin mashiga da mafita ita ce ke nuna gwaninta. Idan ka ɗebi yadi kaɗan a tsakiyar allura, fil ɗin zai riƙa lilo yana hawa da sauka, yana cin bakin ramukan a kowane taku. Idan kuma ka cusa yadi fiye da tsawon allurar, zai tattare ya yi ƙullutu a ƙarƙashin fil. Abin da ake so shi ne yadin ya cika kusan dukkan tsawon allurar kuma ya kwanta lafiya lau. Idan allurar doguwa ce siririya, ana iya shigar da ita a fito sau biyu, nauyin ya rabu a kan wurare huɗu maimakon biyu.

Mai ƙusoshi biyu ya fi sauƙi: a soka na sama, a bar fil ɗin ya rataya a miƙe, sannan a soka na ƙasa, a toshe su ta ciki. Sai dai a tabbata maɓallan ba su da kaifi, domin su ne za su riƙa gogar fallen ciki duk yini.

6. Gwaji kafin fita

Ka rufe makullin, ka sake ɗaura kiltin, sannan ka zura hannu tsakanin falle biyun tun daga ƙugu har ƙasa. Hannunka ya wuce ba tare da ya ci karo da komai ba. Daga nan ka yi taku mai faɗi, ka hau matakala, ka zauna a kujera ka tashi. A duk wannan motsi fallen sama yana zamewa a kan na ciki, kuma wanda ya haɗa su da fil ya tara duk ƙarfin buɗewar ƙafafunsa a kan 'yan zare kaɗan. Da farko kiltin zai riƙa jan gefe yana ɓata kwanciyar gaba, daga baya kuma ya yage a wurin da ba shi da maɓoya, domin ƙasan kilti yawanci bakin saƙa ne ba kalmasa ba, babu rarar yadin da za a janyo a rufe ɓarna.

Na san abin da ke sa mutanenmu haɗa fallen biyu shi ne tsoron tsiraici, kuma damuwa ce mai tushe, musamman a gari mai iska irin Abadin. Amma fallen ciki ya rufe gaba ɗungurungum daga ƙugu zuwa ƙugu, ko na sama ya ɗaga babu abin da zai bayyana. Wanda yake son ƙarin natsuwa ya sa gajeren wando mai duhu a ciki, wannan ya fi kowane fil tsare mutunci.

7. Kiyayewa yayin da ake sanye da shi

Yawancin fizga a wurare sanannu take faruwa. Wurin cin abinci, ƙyallen tebur mai tsawo yana sauka daidai kan cinya, don haka kafin ka miƙe ka sa tafin hannunka na dama a kan fil ɗin, ka ja kujera baya, sannan ka tashi. A mota, ka lura da bel ɗin kujera da bakin ƙofa da sitiyari. Idan za ka ɗauki yaro ko ka ɗora shi a cinya, ka mai da shi gefen hagu.

Wuri mafi haɗari shi ne filin rawar keili, rawar taron da ake yi a bukukuwan Sukotland, inda ake juyi da sauri ana riƙe hannu ana wuce juna a kusa-kusa. Kilti yana buɗewa kamar lema idan ana juyi, kusurwar da ke ɗauke da fil kuma ita ce ke kaiwa nesa, kuma rigar leshi ko siliki ta wadda ke kusa ba ta jure ko ɗan kaifi. Idan fil ɗinka mai rassa ne, irin ƙahon barewa ko tambari mai tsini, gara ka cire shi ka sa a jaka kafin a fara. Haka ma mai buga ganga ko mai ɗaukar kaya a gefen dama. Babu wanda zai zarge ka don ka fito babu fil, kilti cikakke ne ko babu shi.

Idan kuwa fil ya riga ya kama wani abu, ka tsaya cak, kada ka ja. Ka buɗe makullin, ka zare fil ɗin daga kiltin tukuna, sannan ka warware shi daga abin da ya kama.

8. Bayan an dawo gida

Shawarata ita ce kowane kilti ya sami fil nasa, a bar shi a jiki. Cirewa da mayarwa a kai a kai yana tara sababbin ramuka a kusurwa ɗaya har wurin ya yi laushi. Wanda yake son sauya fil lokaci-lokaci ya kai wa tela ya yi masa 'yan ƙananan idanu biyu da zare a daidai ramukan, ko ya ɗinka madaukai biyu na zare mai ƙarfi a fuskar yadin, allura ta riƙa bi ta cikinsu.

Akwai lokutan da ake cire shi: idan za a kai kilti wurin masu wankin da ba na ruwa ba, idan ruwan sama ya jiƙa shi har sai ya bushe don gudun tsatsa, da kuma idan za a hau jirgi, inda ya fi kyau a sa fil ɗin cikin akwatin da za a auna. Idan za a goge azurfa, a cire ta daga yadi tukuna, man gogewa yana barin tabo. A wurin ajiya kuma, a rufe fil ɗin da ɗan ƙyalle ko a sa kiltin cikin jakarsa, kada ya kama kayan da ke rataye kusa da shi.

Idan wani abu ya rasa

Idan babu robar ɗaure kuɗi, robar bayan ɗan kunne ko ɗan yanki na magogin fensir zai yi aikin. Idan babu allin tela, a yi alama da busasshen guntun sabulu, ko a soka siraran filolin ɗinki biyu. Idan kiltin na haya ne, kamar yadda yake ga yawancin abokan ango, sau da yawa shago yakan ba da shi da fil a maƙale, sai a bar shi inda yake, a ƙara masa roba kawai idan za a iya yin haka ta ramukan da ke nan. Idan an ba da fil ɗin daban, a ɗaga fallen sama a hasken taga a nemi tsofaffin ramuka a bi su. Wanda ba ya son huda yadinsa sam ya nemi mai maganaɗisu, amma ya sani cewa fizga kaɗan ke cire shi, don haka ya fi dacewa da zaman biki fiye da filin rawa, kuma a nisanta shi daga katin buɗe ɗakin otal.

Gyaran zaren da ya fito

Idan zare ya fito ya yi madauki, kada a kusance shi da almakashi, domin yanke shi ne ke mai da ƙaramar matsala rami. A shimfiɗa yadin, a ja shi a hankali ta tsaye da ta kwance a kewayen wurin, yawancin zaren zai koma ciki da kansa. Abin da ya rage sai a soka allurar ɗinki ta gindinsa, a zura madaukin a kafar allurar, ko a kama shi da wani zare, a janye shi zuwa bayan yadi a bar shi a can. Ramin fil da ya buɗe kuwa, a kankare shi a hankali da farce ta kowane ɓangare don zaren su matso, a ɗora ƙyallen auduga mai ɗanshi, a dafa dutsen guga mai matsakaicin zafi a ɗaga, ba tare da an goga ba, kuma kada ƙarfen ya taɓa ulun kai tsaye don yana sa shi ƙyalli. Tururin zai kumbura zaren ya rufe kafar. Idan zare ya tsinke da gaske ko yadin ya yage, a cire fil ɗin nan take, kada a sake ɗaura kiltin, a kai shi wurin mai ɗinkin kilti, wanda zai iya zaro zare masu launi ɗaya daga ninkin ciki ya sake saƙa wurin da su.